Rabin Cokalin Albarushi: Yadda Masu Wasan Roka ke Buɗe Laima

Baƙo a filin harba roka tashi yake zuwa kallo: ƙara, harshen wuta, da farin hayaƙi da ya miƙe sama kamar an ja zare. Masu abin kuwa sai wutar ta mutu hankalinsu ke tashi. Za ka ga sun kare ido da tafin hannu, sun yi tsit, suna jiran wani ɗan ɗigon hayaƙi can ƙololuwa, alamar rokar ta rabu biyu laima ta fito. In ɗigon ya bayyana sai a sauke ajiyar zuciya. In bai bayyana ba, mai sanarwa ya ɗauki lasifika ya ce kowa ya miƙe ya dubi sama, domin abin da ke tahowa bututu ne mai tsinin kai, mai nauyin kilo da yawa, kuma ba abin da ke rage masa gudu.

Abin da ke raba waɗannan ƙarshen biyu sau da yawa bai kai rabin cokalin shayi ba. Albarushi ne, irin dai wanda 'yan bindiga ke ɗura wa bindigar toka ranar hawan salla, sai dai masu roka sun fi son mafi laushinsa, mai lamba FFFFg, wanda asali a kaskon kunna tsofaffin bindigogin ƙanƙara ake zuba shi saboda saurin kama wuta. Aikinsa a cikin roka ba tura ta sama ba ne. Yana ƙonewa ne a rufaffen sashe, iskar da ya haifar ta tunkuɗe hancin rokar, laima ta biyo baya. Yadda ake yanke shawarar yawansa ya zama al'ada mai ƙa'idojinta da gardamarta, kuma ita nake son dubawa.

A farkon wasan, tambayar ba ta ma taso ba. Orville Carlisle, mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska a Amurka, ya ƙera ƙaramin injin roka a 1954, irin wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. A 1957 shi da G. Harry Stine, wanda ya yi aiki a filin gwajin makamai na White Sands, suka kafa ƙungiyar da ake kira NAR a yau. Damuwarsu ita ce samarin da zazzaɓin tauraron ɗan'adam na Sputnik ya kama, suna haɗa sinadarai a gida suna rasa yatsu da idanu. Maganin da suka kawo shi ne a cire albarushi daga hannun yaro baki ɗaya, masana'anta ta auna komai ta rufe a cikin kwali. Shi ya sa injin kamfanin Estes mai rubutun C6-5 ya riga ya faɗi labarinsa: harafin yana nuna ajin ƙarfinsa, 6 matsakaicin turinsa, 5 kuma daƙiƙun da zai jira bayan wuta ta mutu kafin ya tofo laima. Yaro ba ya auna komai, zaɓen lambar ƙarshe kawai ya rage masa.

Da rokoki suka girma sai awon ya dawo hannun mai roka. Daga aji H zuwa sama, inda NAR da ƙungiyar Tripoli ke buƙatar mutum ya ci jarrabawar mataki-mataki kafin a sayar masa da inji, ba masana'antar da za ta san faɗin bututun kowa. Ga kuma salon buɗe laima sau biyu: ƙarama a ƙololuwa don rokar ta gangaro da sauri iska ba ta kwashe ta ba, babba kuma a ƙafa 500 zuwa 1,000 daga ƙasa. Na'urar auna nisan sama ce ke lura da matsin iska, ta aika wuta zuwa ashanar lantarki da ke nutse cikin albarushin. Kowane buɗi da nasa awon.

Don yin wannan awo, akwai lissafin da aka gada daga dokar iskar gas. Ana ninka matsin da ake so da girman cikin sashen, a raba da wasu lambobi biyu da aka ɗauka tabbatattu ne ga albarushi, 266 da 3307. Ta biyun zafin ƙonewarsa ce a ma'aunin Rankine, wato sama da digiri 1,500 a ma'aunin da muka saba. Matsin da aka fi nema yana tsakanin laba 8 zuwa 15 a kan kowane murabba'in inci. Don sauƙi aka taƙaita shi: faɗin bututu sau kansa, sau tsawon sashen, sau 0.006, amsar a giram. Ɗauki bututu mai faɗin inci 4 da sashe mai tsawon inci 18. Lissafin zai ba ka kusan giram 1.7. Wannan ɗan abin, in ya kai matsin laba 15, zai danna gindin hancin rokar da ƙarfin kusan kilo 85, fiye da buhun siminti ɗaya da rabi, cikin ƙiftawar ido.

Ina ganin girman wannan lissafi, domin ya ba sabon shiga wurin dafawa, ya hana shi zuba albarushi da ka. Amma duk wanda ya ɗauke shi hukuncin ƙarshe bai karanta sharuɗɗansa ba. Lissafin ya ɗauka bututun fanko ne, alhali cike yake da laima da igiya da mayafin Nomex da ke kare laimar daga ƙuna. Ya ɗauka albarushin ya ƙone tas. Ya ɗauka iskar tana nan da zafinta, alhali tana taɓa bangon bututu take hucewa, matsin ya faɗi. Bai san ko hancin ya matse ba saboda zafin rana ya kumbura shi, ko fenti ya shiga mahaɗa. Bai san da ƙusoshin nailan ba sai an gaya masa.

Waɗannan ƙusoshi sun cancanci a tsaya a kansu, don su ne suka mai da awon ya zama tilas. Roka tana iya rabuwa tun lokaci bai yi ba. Da inji ya mutu, iska ta fi riƙe gindin mai fukafukai, hanci mai nauyi kuwa yana son ci gaba, sai ya zare kansa. Haka kuma iskar da aka rufe a bututu tun daga ƙasa tana neman fita yayin da ta waje ke raguwa. A ƙafa 10,000 bambancin ya haura laba 4 a kowane murabba'in inci, wanda a bututun inci 4 ya fi laba 50 na turi. Ƙaramar huda a jikin bututu tana rage wannan. Sauran kuma sai a ɗaure mahaɗar da 'yan sukurorin nailan biyu ko uku ko huɗu, masu lamba 2-56 ko 4-40, waɗanda aka sa su don su karye. Ke nan mai roka da hannunsa ya kulle ƙofa, kuma dole albarushinsa ya iya ɓalle ta. In ya ƙara ƙusa ɗaya bai sake awo ba, ya canza rokar gaba ɗaya.

Saboda haka ne al'adar ta ɗora nauyinta a kan gwajin ƙasa, kuma a ganina nan ne mafi kyawun abin da ta mallaka. Ana shirya rokar tamkar yau za ta tashi, laima a naɗe yadda za a naɗe ta, ƙusoshi a ɗaure, sai dai ba inji, an toshe gurbinsa. A kwantar da ita a kan tsohon bargo, a ɗan ɗaga kanta, a juya ta inda ba mutum ba busasshiyar ciyawa. A ja waya mai tsawo, a sa tabarau, a ƙirga daga biyar. Sai ka ji fuf, hayaƙi mai warin ƙibiritu ya tashi. In hancin ya ɗan zame ya tsaya, laima na leƙe daga bakin bututu, awon ya gaza. In ya yi tsalle ya kai ƙarshen igiya ya fizgo gindin rokar, ya yi yawa. Abin da ake nema yana tsakani: rabuwa mai kuzari, laima ta fito sarari, igiya ta miƙe ba ta ƙage ba. Sai a rubuta adadin a littafi, a goge toka, a maimaita.

Inda nake da ja shi ne wata magana da ta yaɗu a tsakaninsu, mai nufin gara ya yi yawa da ya gaza, ko laima ta fito ko rokar ta tarwatse. Ba zan ce ba ta da tushe ba. Kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba: albarushi mai yawa rokar mai ita yake ɓatawa, wanda ya gaza kuwa kan jama'a yake jefo ta. Mutumin da ya zaɓi asarar dukiyarsa a kan ran wani ya yi zaɓin kirki. Amma maganar ta zama mafakar masu gaggawa. Mutum ya cusa laima ba tsari, mahaɗa ta cije, maimakon ya kwance ya gyara sai ya ƙara giram. Kuma yawan ma yana da nasa haɗarin ga na ƙasa. Fizga mai ƙarfi tana tsinka igiya, ko ta tumɓuke ƙarfen da aka ɗaura ta, hanci ya faɗo shi kaɗai ba laima. Tana iya sa igiyar Kevlar ta tsaga bututu daga baki kamar an zuge zif. Tana iya karya ƙusoshin babbar laima tun a ƙololuwa, rokar ta buɗe a can iska ta tafi da ita gonakin mutane. Wurin da ƙari ya dace an riga an tanada: na'ura ta biyu mai batirinta daban, da awo mafi girma, wadda ke tashi daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan ta farko. In ta farko ta yi aiki, ta biyun a buɗaɗɗen bututu za ta tashi, ba ta cutar da komai. NAR ta wajabta irin wannan ninki ga mai neman mataki na uku na jarrabawarta.

Shi ma gwajin ƙasa yana da iyaka, kuma masu harbi a hamadar Black Rock ta Nevada, inda rokar GoFast ta 'yan sa-kai ta kai kusan kilomita 116 a watan Mayun 2004, sun fi kowa sanin haka. Albarushi yana ɗauke da iskar ƙonewarsa a jikinsa, amma wuta tana bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya ne ta hanyar iska mai zafi da ke tsakaninsu. A wajen mita 5,500 matsin iska ya ragu da rabi. Can sama sosai, ashana tana tashi ta watsar da ƙwayoyin kafin su kama, a dawo a tarar da su baƙi ƙirin a manne jikin laima, ba su ƙone ba. Awon da ya yi daidai a bayan gida ya zama banza. Wasu sai suke matse albarushin a cikin rufaffiyar robar tiyo don ya riƙe matsinsa har ya gama ci. Wasu sun koma ga ƙananan tukwanen iskar CO2 da ake hudawa su cika bututun, ba ƙuna ba toka.

A ƙasa-ƙasa ma albarushin yana samun kishiya. Kamfanin Jolly Logic ya fitar da wata 'yar na'ura, Chute Release, mai riƙe laima a naɗe da zaren roba har sai rokar ta sauko tsayin da aka saita, sannan ta saki. Ta sauƙaƙa wa mutane da yawa buɗi biyu ba tare da sun taɓa ashanar lantarki ba, kuma ina maraba da ita, don duk hannun da aka raba da albarushi an rage masa haɗari, abin da Carlisle da Stine suka nema tun farko ke nan. Sai dai ita ba ta raba roka. Dole wani abu ya fara tunkuɗe hancin a ƙololuwa, kuma a yawancin rokokin da ake harbawa ranar Asabar a filayen Amurka, wannan abin har yanzu albarushi ne.