Jinjina ga Masu Jagorar Hawa Dutse

Abuja ba ta da ƙanƙara irin ta ƙolin Kilimanjaro, amma duwatsu kam Allah ya hore mata. Da sassafen Asabar matasa kan haura tsaunukan Ushafa, wasu su nufi Dutsen Zuma kusa da Madalla, wanda hotonsa ke jikin naira 100.

A gabansu akwai ɗan jagora, sau da yawa ɗan ƙauyen gindin dutsen, kuma shi ya cancanci jinjina. Ya san inda santsi yake da damina, ya san kogon da ba a zura wa hannu. Wanda haki ya kama, ya tsaya masa, ya karɓar masa jaka, babu gori. Da wuya ka gan shi a hotunan Instagram, don shi ake miƙa wa wayar ya ɗauka.