Mudu da Hatsi: Tarken Littafin Diane Ravitch

Ba kasafai marubuci ke juyowa ya rushe ginin da aka ɗora da hannunsa ba. Abin da Diane Ravitch ta yi ke nan a littafinta The Death and Life of the Great American School System, wanda ya fito a 2010. Masaniyar tarihin ilimi ce, ta riƙe muƙamin mataimakiyar sakataren ilimi na Amurka daga 1991 zuwa 1993, kuma tana cikin magoya bayan dokar No Child Left Behind da Shugaba George W. Bush ya rattaba wa hannu a Janairun 2002. Dokar ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, ta kuma yanke cewa zuwa 2014 kowane ɗalibi ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta yi ta gazawa kuwa, ana iya sallamar malamanta.

Ƙarfin littafin yana wurin da ya nuna yadda tsoro ke lanƙwasa ma'auni. Da yake kowace jiha ce ke tsara jarrabawarta, wasu suka sassauta makin cin nasara, sai alƙaluma suka haura, alhali jarrabawar ƙasa ta NAEP ba ta nuna irin wannan ci gaba ba. Tarihi da zane da adabi suka rasa lokaci a jadawali, tunda ba a kansu ake hukunta kowa ba. Adadin masu kammala sakandare ma bai tsira ba, domin ɗalibin da ya faɗi darasi kan yi ɗan aiki na kwanaki, a ba shi makin da ya rasa, a lissafa shi cikin waɗanda suka gama. An ƙanƙance mudu, sannan aka yi shelar cewa amfanin gona ya ƙaru. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin, bincike a Atlanta ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a maguɗin jarrabawa, galibi ta hanyar gyara amsoshin ɗalibai. Mai karatu a Nijeriya, inda ake auna makaranta da yawan masu kiredit biyar a WAEC, ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Sai dai alƙalamin da ya yi kaifi wajen suka ya dakushe wajen kawo mafita. Ravitch tana kira ga manhaja mai zurfi da malamai masu ilimi, tana kafa misali da malamar adabin da ta koyar da ita a Houston. Babin yana da daɗin karatu, amma a ganina kewa ce ta sha gaban hujja. Malama ɗaya tilo ba tsari ba ce. Dokar 2002, duk da illarta, ta tilasta fitar da sakamakon 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da masu naƙasa daban, ta yadda matsakaicin makin makaranta ba zai rufa asirin gazawarta ba. Littafin bai ba wannan nasara haƙƙinta ba. Uwar da ɗanta ya kai aji shida bai iya haɗa baƙi ba tana neman wanda za ta tuhuma, kuma Ravitch ba ta nuna mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ko dokar da ta maye gurbin waccan a 2015 ba ta soke jarrabawar shekara-shekara ba, hukuncin kawai ta mayar hannun jihohi.