Wa ya ce zuciya na tsayawa?

Wani saƙon murya ya zagaya wayoyinmu a hunturun bana, ina jin ku ma ya iso muku. Mai maganar ya ce wai an gano cewa in mutum ya yi atishawa zuciyarsa na tsayawa, shi ya sa ake cewa Alhamdu lillahi. In kuma ya yi ta ido buɗe, ƙwayar idon za ta zazzago. Sau uku na saurare shi ina jiran sunan masani ko guda. Babu.

Ni ilimin harshe nake karanta, don haka abin da ya fara kama kunnena shi ne "an". An ce, an gano, an tabbatar. Wannan ƴar kalma ɓoye mai magana take yi, zance ya yi ta yawo ba mai shi. Kakata in ta ce idonta na rawa za ta yi baƙo, kowa ya san camfi ne, mu yi dariya a wuce. Amma camfin da ya sa rigar likita ya fi wuyar kamawa, har mu ƴan jami'a sai mu tura shi gaba.

To ga abin da ke faruwa. Ƙura ta taɓa cikin hanci, jijiya ta kai saƙo gindin ƙwaƙwalwa, daga can umarni ya sauko: a ja numfashi, tsokar ƙirji da ta ciki su matse, iska ta fito da ƙarfi. Rufe ido na cikin wannan umarni, kamar yadda hannu ke janyewa daga tukunya mai zafi tun ba ka yi shawara ba. Kowane ido tsoka 6 ke riƙe da shi, ga jijiyar gani ta baya. Ba fatar ido ke tare shi ba. Zuciya kuwa tana da nata wurin da ke kunna bugu. Matsin ƙirji na iya ɗan sauya tazarar bugun, amma tsayawa dai a'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jingina zancen ga addini. Hamdala bayan atishawa sunna ce, haka amsa wa mai ita da Yarhamukallah, kuma sunna ba ta bukatar a tokare ta da ƙarya. Ran da ƙanenka ya ji a darasin SVT cewa zuciya ba ta tsayawa, wane kallo zai yi wa sauran abin da ka faɗa masa?

Kuma saƙon ya tsallake haɗarin gaske. A 2018 likitoci a garin Lesta na Ingila sun ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 34 da ya toshe hanci da baki don ya danne atishawa, maƙogwaronsa ya yage, sai da aka kwantar da shi asibiti. Mu nan kuma, sanƙarau da ke tashi lokacin rani da tarin fuka duk ta numfashi da feshin baki suke yaɗuwa. A ɗakin da ɗalibai ke cunkushe, wanda ya saki atishawa a fili ya raba wa kowa. Wannan shi ya cancanci saƙon murya: kar ka danne ta, ka yi ta cikin hankici ko lanƙwasar hannu, ka wanke hannu.

Ƴan'uwa, in wani "an ce" ya sake iso muku, ku tambayi wanda ya turo: wa ya ce? Ni na tambayi nawa. Ya ce shi ma turo masa aka yi.