Budgie: Ƙungiyar da Rediyo Ya Tsallake, Makaɗa Suka Riƙe

A ƙarshen watan Agusta na 1982 an yi bikin kiɗa na shekara-shekara a garin Reading da ke Ingila, kwana uku cur. A irin wannan taro, ƙungiyar da ta fi kowa suna ita ake bari ta rufe dare. Iron Maiden ce ta rufe daren Asabar, ƙungiyar Michael Schenker ta rufe na Lahadi. Daren Juma'a kuwa an bar shi ga wata ƙungiya daga yankin Wales mai suna Budgie. Yau Iron Maiden ta kai inda ko a dilar gwanjo ana iya tsintar riga mai ɗauke da sunanta. Ita kuwa Budgie, mutum zai iya wuni ya kwana yana murɗa tashoshin Amurka da suka keɓe kansu ga tsofaffin waƙoƙin rok, tsarin da suke kira classic rock, da wuya ya ci karo da ita ko sau ɗaya.

Masu son irin wannan kiɗa suna da wata al'ada ta tono ƙungiyoyin da aka manta, su kakkaɓe faifansu, su yi ta rantsuwa cewa an zalunce su. Sau da yawa zumuɗi ne kawai. Akwai ƙungiyoyin da suka ɓace saboda ba su da abin da zai sa a tuna da su, kuma tsufan faifai ba ya mayar da shi zinariya. Budgie ba ta cikin waɗannan, shi ya sa take da amfani wajen gane yadda ake zaɓar abin da za a kira gagarabadau da abin da za a jefa bayan ɗaki.

A Cardiff aka kafa ta a 1967. Bayan 'yan sauye-sauye ta tsaya a kan mutum uku: Burke Shelley mai rera waƙa yana kuma kaɗa jitar bes, Tony Bourge mai jita, da Ray Phillips mai ganguna. Faifansu na farko ya fito a 1971 a kamfanin MCA. An naɗe shi a situdiyon Rockfield, wata gona ce kusa da Monmouth da wasu 'yan'uwa biyu, Kingsley da Charles Ward, suka mayar wurin ɗaukar sauti, inda daga baya ƙungiyar Queen ta yi aikin waƙar Bohemian Rhapsody. Wanda ya ja ragamar aikin shi ne Rodger Bain, mutumin da ya shirya faifai uku na farko na Black Sabbath. Ke nan Budgie ba 'yar rakiya ba ce a tarihin rok mai nauyi. Tana wurin tun ana fuɗa, kafin a san me gonar za ta haifar.

Abin da ya bambanta kiɗansu yana cikin jitar Bourge. A rok mai nauyi, ginshiƙin waƙa wani gajeren salo ne da jita ke maimaitawa, wanda da zarar an ji shi an san waƙar. Bari mu kira shi take. Taken Black Sabbath a hankali yake tafiya, da nauyi, yana jan ƙafa. Na Bourge yakan taho da nauyin amma a guje, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya saurari Breadfan, waƙar da ta buɗe faifansu na 1973 mai suna Never Turn Your Back on a Friend, zai ji saurin da sai bayan shekara goma ya zama ruwan dare a hannun samarin makaɗan rok na Kalifoniya. Sannan ana tsakiyar wannan gudu sai su taka birki, komai ya lafa, jita ta koma taushi, Shelley ya rera a hankali kamar ba shi ne yake ihu ɗazu ba, sai kuma taken ya sake faɗowa. Wannan sauyi daga ƙarfi zuwa laushi shi ne hatiminsu. Suna yin sa a cikin waƙa guda, suna kuma yin sa a tsarin faifai, inda sukan sa wata 'yar waƙa mai sanyi ta minti biyu a tsakanin manyan biyu.

Muryar Shelley kuwa siririya ce, can sama, ga shi da manyan tabarau, ga bes a wuya, ga ƙungiyar mutum uku. Dole a kwatanta shi da Geddy Lee na ƙungiyar Rush ta Kanada, kuma an yi ta kwatantawar har aka gaji. Sai dai faifan Rush na farko a 1974 ya fito, lokacin Budgie ta riga ta saki uku. In ma akwai mai kama da wani, an san wanda ya riga wani haihuwa.

To me ya hana su? Wani sashe na laifin nasu ne. Ƙungiyoyin zamaninsu sun zaɓi sunaye masu ban tsoro da hotuna masu duhu, su kuwa suka ɗauki sunan wani ɗan ƙaramin aku na Ostareliya da Turawa ke ajiyewa a keji, suka riƙa zana shi a bangon faifai sanye da kayan yaƙi. Sunayen waƙoƙinsu ma barkwanci ne: wata tana zancen madarar gari, wata hannun mai gyaran taya. Ni wannan raha tana burge ni, domin ta nuna mutanen da ba su ɗauki kansu da zafi ba a cikin sana'ar da ta cika da masu hura hanci. Amma ɗan kasuwar da ke son sayar wa matasan Amurka jarumtaka da firgici bai san inda zai ajiye ta ba. Ƙari a kan haka, faya-fayansu ba su daidaita ba. Kusan kowanne yana da waƙa biyu ko uku da za su tsaya kafaɗa da kafaɗa da na kowa, sauran kuma cikon benci. Ga yawan sauyin mutane: Phillips ya tafi bayan faifai na uku, Pete Boot ya zauna a kan ganguna na faifai ɗaya, Steve Williams ya karɓa, Bourge kansa ya bar ƙungiyar a 1978, John Thomas ya zo daga baya. Faifansu da ya fi hawa a jerin cinikin Birtaniya shi ne In for the Kill! na 1974, wanda ya tsaya a lamba ta 29. A Amurka ba su taɓa samun waƙar da ta game ƙasa ba.

A nan ne gizo ke saƙa. Tsarin classic rock a Amurka aka ƙirƙire shi, a farkon shekarun 1980, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi shi ne Fred Jacobs, mai ba gidajen rediyo shawara. Dabarar mai sauƙi ce. Yaran da suka tashi da kiɗan 1960 da 1970 sun girma, sun samu aiki, suna sayen mota da gida, masu talla suna neman kunnuwansu. Sai a ba su waƙoƙin ƙuruciyarsu. Tasha ba gidan adana tarihi ba ce. Abin da take sayarwa shi ne mai sauraro, babban abin da take tsoro kuma shi ne hannunsa ya kai ga maɓallin sauya tasha. Don haka ake gwada waƙoƙi kafin a sa su a jeri. A tara mutane a zaure, a sa musu guntun waƙa na 'yan sakanni, ɗaya bayan ɗaya har ɗaruruwa, kowa ya nuna ko ya san ta, ko yana son ta, ko ta gundure shi. Wadda ba a sani ba ta faɗi tun a tambayar farko. Wadda ta faɗi ba za a sa ta ba, wadda ba a sa ba ba za a san ta ba, baɗi in an dawo gwaji ta sake faɗuwa. Waƙar Parents ta Budgie ta haura minti goma, kuma daɗinta a hankali yake taruwa. Wane guntun sakan bakwai za a yanko daga cikinta ya ci wannan jarrabawa?

Dokar sadarwa da Amurka ta yi a 1996 ta ƙara tsuke ƙofar, domin ta cire iyakar yawan tashoshin rediyo da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar. Kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tashi daga tashoshi kimanin arba'in zuwa sama da 1,200 cikin 'yan shekaru. Jerin waƙoƙi ya koma abin da ake tsarawa a ofis a rarraba wa garuruwa. Abin ba baƙo ba ne ga mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa, wanda ya san 'yan waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya da ake ta juyawa, alhali taskar mawaƙan zamaninsu ta fi haka zurfi nesa ba kusa ba.

Hujjar cewa matsalar ta tsari ce, ba ta kiɗan ba, tana San Antonio a jihar Texas. A shekarun 1970 akwai wani mai gabatar da shiri a tashar KMAC da KISS, Joe Anthony, shi da abokin aikinsa Lou Roney, waɗanda suke sa abin da kunnensu ya yarda da shi, ko da faifan daga ƙetare aka shigo da shi kuma ba wanda ya san masu shi. Ta hannunsu Rush da Judas Priest da Scorpions suka samu gindin zama a garin. Budgie ma haka. Gari guda a Amurka ya ji ta a kai a kai, kuma garin nan ya riƙe ta: a can ta sake haɗuwa ta yi wasa a 1995 bayan ta watse a ƙarshen shekarun 1980, a can kuma aka naɗi faifanta na kai-tsaye da ya fito a 2002 mai suna Life in San Antonio. Kunnuwan mutanen San Antonio ba daban Allah ya halicce su ba. An dai ba su dama sun ji.

Poland ma ta ba da irin wannan shaida ta wata fuskar. A 1982, ƙasar na ƙarƙashin dokar soja da aka kafa a Disambar 1981, Budgie ta je ta yi wasanni, lokacin da ƙungiyoyin rok mai nauyi na Yamma ba su cika tsallaka wannan shinge ba. Mutanen da ke cikin ƙunci ba sa manta wanda ya zo musu. Har ƙarshen rayuwar ƙungiyar, Poland na cikin wuraren da take cika zaure.

Sai dai hanyar da ta fi raya sunan Budgie ita ce ta makaɗa 'yan'uwanta. Judas Priest ta yi mata sharar fage a rangadin 1974. Van Halen, tun suna wasa a ƙananan kulob, sukan kaɗa In for the Kill. Metallica ta sake naɗar Crash Course in Brain Surgery a 1987, ta bi da Breadfan a 1988, ta kuma haɗa su biyun a faifan Garage Inc. na 1998 wanda ya shiga miliyoyin gidaje. Iron Maiden, wadda suka raba kwanakin Reading da ita, ta ɗauki I Can't See My Feelings a 1992. Soundgarden ta ɗauki Homicidal Suicidal. Makaɗi ba ya tambayar ko jama'a sun san waƙa. Abin da yake nema shi ne ko akwai abin koyo a cikinta, ko yatsunsa za su sha wuya kafin su kama taken. Wannan ma'auni daban ne da na zauren gwaji, kuma a ganina ya fi shi gaskiya game da ingancin aiki, ko da yake shi ma yana da son zuciyarsa, don yakan fifita gwaninta a kan daɗin ji. Akwai ɗan ɗaci a cikin wannan gata. Dubban mutane sun yi tsalle da Breadfan a filayen wasa suna zaton ta Metallica ce. Amma dai haƙƙin mallaka yana komawa ga waɗanda suka rubuta, kuma cikin masu tsallen akan samu mai karanta ƙananan rubutun bayan faifai ya tafi neman asali.

Burke Shelley ya ci gaba da jan ƙungiyar bayan ta dawo, har suka fitar da sabon faifai a 2006. A 2010, suna rangadi a Poland, babbar jijiyar jininsa ta kumbura aka yi masa tiyatar gaggawa, aikin da ya taɓa masa numfashi har waƙa ta gagare shi yadda ya saba. Daga nan Budgie ba ta sake hawa dandali ba. Ya rasu ranar 10 ga Janairun 2022 yana da shekara 71.

Yanzu da intanet ta sa kowane faifai a tafin hannu, an daina buƙatar izinin wata tasha kafin a ji su, ko da yake manhajojin sauraro ma suna da halin tura wa mutum abin da ya riga ya yi suna. Mai son gwadawa ya fara da faifan 1973, wanda Roger Dean ya zana bangonsa, shi ne mafi cika a duk aikinsu. Daga nan ya wuce Bandolier na 1975, musamman waƙar ƙarshe mai zancen Napoleon, inda taken ke sukuwa daga tsakiya har ƙarshe. Faifan farko da Squawk na 1972 ɗanyu ne, sautinsu da laka-laka, amma nan ne nauyin yake. Na shekarun 1980, irin su Deliver Us from Evil, lokacin da suka sassauta suka ƙara kayan sauti na zamani don neman shiga rediyo, su ne mafi rauni, kuma rediyon ma bai karɓe su ba.