Jinjina ga Maƙerin da Ya Sa Ƙarfe Kuka

Julio González, mutumin Barsalona, wanda aka haifa a gidan maƙera a shekarar 1876, ya kuma koyi walda a masana'antar Renault kusa da Faris a 1918, yana cikin mutanen farko da suka ɗauki wutar da ake haɗa sassan inji da ita suka shiga ƙera siffar ɗan Adam, har Picasso da kansa ya nemi taimakonsa a 1928. Abin da ya sa nake girmama aikinsa shi ne, yayin da galibin masu sassaƙa sukan goge tabo su shafe aibi domin zahiri ya yi kyau ko da baɗini ba haka yake ba, shi ya bar ɗinkin walda a fili, da kaushinsa da ƙunarsa.

A dubi Montserrat, manomiyar Kataloniya da ya ƙera lokacin yaƙin basasar Sifen, aka nuna ta a baje kolin Faris na 1937: tana tsaye ƙyam, ɗa a hannu ɗaya, lauje a ɗayan, ba ado ba kwalliya. Daga baya ya ƙera fuskarta kaɗai, baki a wangame tana kururuwa, a siffar abin rufe fuska, wanda bisa al'ada kayan ɓuya ne da riya, amma a hannunsa ya zama inda baƙin cikin uwa ya bayyana ƙarara, da ikhlasin da ba kowane mai fasaha Allah Ya ba shi ba. Ya rasu a 1942, bayan yaƙin duniya ya yanke masa iskar walda, ya koma zane da aikin filasta.