Jinjina ga Mafarautan Zabon Daji

Wanda ya ci farfesun zabon daji a Matameye bai cika tuna wahalar mafaraucin da ya kawo shi ba. Tun asuba yake bin sawu, ga sanyin hunturu, ga ƙaya, zabo kuwa da motsi kaɗan ya tashi. In ya samu, sai ya gaggauta yankawa da bisimilla kafin ya mutu, a fige, a babbaka, a kyafe; naman kuwa tauri gare shi, sai an daɗe ana dafawa. Masu cewa farauta ke ƙarar da zabi suna da hujja, Nijar ma ta kafa dokar farauta a 1998. Amma mafaraucin gado ba ya taɓa zabuwa da damina tana kwancin ƙwai; 'yan ci-da-zuci ke wannan ɓarna. Ya cancanci jinjina.