Azna, Anna, Arna: Sharhi kan Jimlolin Misali

Cikin kalmomin da Hausawa ke kiran mazauna wuri na asali da su, da wuya a sami wadda ta kai azne wahalar da mai shirya ƙamus ko littafin karatun manya. Siffarta uku ce. A Adar da Arewa ta Dogon Dutsi ana cewa azne, jam'i azna. A Maraɗi da Gobir anne da anna. A Kano arne da arna. Ta fuskar furuci babu wata matsala, domin sauyin baƙin ƙarshen gaɓa ne, irin wanda ake gani a bizne, birne, binne, ko a ɓarna da ɓanna. Tun 1928 Klingenheben ya bayyana dokokin baƙin ƙarshen gaɓa a Hausa. Matsalar tana ga ma'ana, kuma jimlolin misali ne ke fito da ita fili.

A dubi waɗannan jimloli huɗu, irin waɗanda kunne ke ji yau da kullum:

(1) Ƙasar nan ta Azna ce tun kaka da kakanni.
(2) Anna sun fita buɗin daji.
(3) Rabu da shi, arne ne, ba ya salla.
(4) Arnen yaro, shi kaɗai ya nome gonar!

A jimla ta (1) kalmar suna ce ta mutanen da suka riga kowa zama a wuri, masu ƙasa, waɗanda sarauta ta tarar. A ta (2) tana nufin masu riƙe da al'adun gado na noma da farauta. A ta (3) zagi ce tsagwaronta. A ta (4) kuwa maganar samari ce ta bakin titi, yabo ne cikin rigar zagi, daidai da yadda suke amfani da shege. Mai magana ba ya ruɗewa tsakaninsu, domin wuri da murya da fuskar abokin magana suna yi masa jagora. Takarda ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan.

Manyan ƙamusoshin da masu bincike ke dogara da su, na Bargery (1934) da na Abraham (1949), an tattara su ne a Najeriya, kuma fassarar da suka sa a gaba ita ce wanda ba ya bin addinin Musulunci. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma ta gaza. Ta kama ma'ana ta (3) sosai, ta taɓa ta (2), ta bar ta (1) a baya, alhali binciken da aka yi a ƙasar Nijar ya nuna nauyin wannan ma'ana ta farko. Ayyukan Guy Nicolas kan kwarin Maraɗi, da na Nicole Echard da Djibo Hamani kan Adar, waɗanda suka fito a 1975, duka sun nuna cewa Azna ko Anna matsayi ne cikin tsarin jama'a, a gefe guda da gidan sarauta. Labaran Adar suna ambaton Aznan ramu a matsayin mazauna na farko. A fadar Gobir akwai sarautar Sarkin Anna. Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, shugabar Azna ce. A duk waɗannan wurare kalmar ba ta ɗauke da raini.

Kuskuren da ya fi yawa wajen shirya jerin kalmomi shi ne na daidaitawa. Mai shiryawa yakan ga siffa uku, ya ɗauke su karin harshe kawai, ya zaɓi arne domin ita ce ta daidaitacciyar Hausa, sannan ya nemo mata jimla. Jimlar da ta fi saurin zuwa baki kuwa irin ta (3) ce ko ta (4). Ta haka sunan jama'a yake komawa zagi ba tare da kowa ya yi nufi ba. A ajin yaƙi da jahilci na wani ƙauyen Ƙonni ko na Dogon Dutsi, magidancin da ke zaune gaban allo yana iya zama jikan Azna, Musulmi kamar yawancin jikokinsu a yau, mai alfahari da asalinsa. In aka sa shi ya kwafi sunan kakanninsa cikin jimlar da ke nufin marar addini, to darasin farko da ya koya shi ne rubutu ba ya wajensa. Irin wannan ɗalibi ba ya gardama da malami. Daina zuwa yake yi.

Wasu na ganin hanya mafi sauƙi ita ce a cire kalmar daga littattafai gaba ɗaya. Wannan ma kuskure ne, domin ba a iya rubuta tarihin Adar ko na Gobir ba tare da ita ba. Wasu kuma na cewa aikin ƙamus shi ne ya kawo duk abin da mutane ke faɗa, har da na titi. Wannan gaskiya ne ga ƙamus na masu bincike, muddin an nuna a fili wace ma'ana ce zagi, wace ce ta raha. Littafin karatun manya kuwa dabam yake: jimlarsa abin koyi ce, ana maimaita ta da ƙarfi, ana rubuta ta sau goma.

Abin da ya kamata ke nan a raba shigarwar gida biyu. Azna da Anna su tsaya a matsayin sunan jama'a, da babban baƙi, kowanne da siffar yankinsa, ba tare da an mayar da su arna ba. Arne na zagi da na raha ya tsaya dabam, da ƙaramin baƙi da alamar gargaɗi, a cikin ƙamus kaɗai. Kafin a buga kowace jimla mai ɗauke da sunan wasu mutane, a karanta ta a gaban su masu sunan. In ba za ta karantu a can ba, ba ta dace da littafi ba.